Harajin Ƙasan Teku

A Mar del Plata, inda gari ya ƙare,
an jera duwatsu sun kutsa ruwa kamar harshe.
Nan kawuna Ovidio ke zuwa in rana ta yi sanyi,
da bokiti, da gora, da 'yar kujerar da ya ƙera da kansa.

Zakunan teku na kwance bayanmu suna gurnani,
warinsu ya fi na kwandon kifin jiya.
Shi ko a jikinsa. Shekara talatin a masana'antar gwangwani
sun kashe masa hanci,
yanzu kuma yanar ido ta fara cin ganinsa.

Ni ke soka jatanlande a ƙugiya,
shi ke ɗaura darma, nan kam bai yarda da kowa ba.
Darmar tayar mota ce, ya narka a gwangwanin sadin,
ya juye a cokali, ta huce,
ya ja mata zane uku da bakin ƙusa.

"Na sama 'yan talla ne," in ji shi, "kowa na ganinsu.
Korbina ba ta zuwa gaisuwa.
Tana can inda yashi ya haɗu da gindin dutse,
baki a laka, tana kiwon ƙaguwa.
In kana sonta, sai ka aika mata ƙasa."

Ya wurga. Zaren ya yi kuka, ya yi shiru.
Ya ɗora shi a yatsa kamar mai jin bugun jijiya.
Iskar kudu na yankan kunne.
Muna miƙa wa juna ƙoƙon mate, ɗaci da zafi,
jiragen su masu ruwan ɗorawa na komowa daga nesa.

Da kunne yake ƙirga su. Ban taɓa tambaya ba.
Unguwar tasha kaf ta san na Anselmo,
ƙanensa, da ya fita wata Talata da mutum shida,
teku ba ta maido ko da hularsa.

Can zaren ya tsaya cak.
Ya ja, ya saki, ya sake ja.
"Dutse ne. Haraji."
Darmar da ya biya a wannan ramin, in ji shi,
ta isa ta nutsar da jirgi da injinsa.

Ya miƙo min. "Naɗe a hannun riga, kada ya yanke ka."
Na ja da baya ina jiran ƙarar tsinkewa,
sai abin ya saki,
ya taho da nauyi, ba fizga, ba harbi,
ba irin na mai rai ba da ke neman fansa.

Dunƙulen tsofaffin zaruruwa ne,
da gansakuka, da 'yan katantanwa manne,
darma bakwai a ciki sun yi fari kamar haƙoran tsoho,
ƙugiyoyin duk sun ci tsatsa.

Ya baza su a cinya, ya bi su da babban yatsa.
Uku. Uku. Babu. Uku.
A ta biyar ya tsaya.
Ya goge ta da riga, ya sake shafawa,
ya lasa.

"Biyu," ya ce.
"Shi biyu yake ja. Kullum cikin sauri yake.
Na ce masa darma ba ta son gaggawa."
Ya yi dariya kaɗan, ta maƙale a wuyansa.

Fitilar bakin tasha ta kama, ta mutu, ta kama.
Mate ya huce, ba wanda ya nema.
Na ɗauka zai ce mu tashi.
Shida ya zuba a bokiti,
ɗayar ya jefa a aljihun ƙirji ya danna maɓallinsa,

ya ce in zaɓo jatanlande mai ƙiba,
in soka ta wutsiya, in ɓoye tsinin.
Ruwa ya fara cika.
Yanzu ne suke matsowa kusa.